Dutsen da Tankari Bai Aza Ba

A unguwar Dengfeng, inda 'yan kasuwar Kano ke kama haya in sun zo sari Guangzhou, babu wanda ya taɓa gane abin da Tankari yake karantawa. In ya ce ilimin tonon kayan tarihi, sai a ce, "Au, haƙar zinare." In ya ce a'a, fasassun tukwane ne da tubalan mutanen da, sai a dube shi da tausayi a canza hira. Ghali, ɗan Kantin Kwari mai sarin yadi da suke ɗaki ɗaya, shi ya raba gardama, ya raɗa masa Sarkin Haƙa. "Kowa ya zo Sin ɗaukar kaya," in ji shi, "kai ka zo ɗaukar ƙasa." Tankari kan yi dariya ya ci gaba da kankare taɓon takalminsa a bakin ƙofa.

Shi mutumin wani ƙauye ne a bayan Dogon Dutsi, a Nijar. Mahaifinsa, Malam Alhasan, haƙar rijiya ce sana'arsa, ya gaje ta kuma ya tsufa a kanta. A wurinsa Tankari ya koyi karanta ƙasa tun kafin ya koyi karanta takarda: a damƙa a ji ko ta haɗe, a shinshina, in ta kama ma a ɗanɗana. Ƙasar da ba a taɓa motsawa ba daban take da wadda aka haƙa aka mayar, komai daɗewar zamani. Akwai kuma doka guda da tsohon bai taɓa sassautawa ba. In ana haƙa aka ci karo da ƙashin mutum, aiki ya tsaya ke nan. A tattara shi da hannu, a naɗe a farin ƙyalle a mayar da shi ƙasa, sannan a aza babban dutse a kai don kada wani ya sake sa diga a wurin. Tsohon kan ce wanda ya rufe bai aza dutse ba, bai gama aiki ba.

Tarihi Tankari ya karanta a Yamai, daga nan ya samu tallafin karatu zuwa wata jami'a a Guangzhou. Shekara guda ya kashe a kan harshe, biyu a aji. Abin da ya rage masa takarda ɗaya ce tak: shaidar cewa ya yi wata huɗu yana samun horo a filin tono, da jan hatimin kamfanin da ya horar da shi. Shi da 'yan ƙasarsu sitaj suke kiran abin. In babu takardar nan ba zai kare kundinsa ba, tallafin kuma a watan Yuli zai ƙare, ba ƙari. Ma'ana, ko dai hatimi, ko ya koma gida da shekara uku a banza, ya dubi idon tsohon da ya gama gaya wa duk ƙauye cewa ɗansa ya tafi Sin koyon haƙa ta masu ilimi.

Kamfanin da aka tura shi, ba sai an ambaci sunansa ba. Aikinsa shi ne, kafin a kafa dogon bene, ya tone filin ya duba ko akwai abin tarihi a ƙasa. Mai ginin shi ke biyan mai dubawa, kuma ba abin da mai gini ya fi so ya ji irin a ce masa babu komai. Duk wanda ya san wannan ya san sauran labarin. Filin yana can Panyu a kudancin birnin, tsohuwar gonar lambu ce da aka kewaye da kwano shuɗi, motocin haƙa uku na jira a bakin ƙofa tun ranar farko.

Horon da aka yi wa Tankari duka-duka safiya ɗaya ce. Lawban, wato maigidan aiki da Sinanci, wani gajeren mutum mai suna Fang da ba ya rabo da makullin mota a hannu, ya miƙa masa hular kwano da ta riga ta tsage. Ya kunna masa bidiyon minti ashirin a waya, duk a kan kada a sha taba kusa da man inji. Ya sa shi ya sa hannu cewa ya samu horo. Sannan ya nuna masa baro.

Wata uku da rabi Tankari yana tura baro. Mutumin da ya haddace sunayen daulolin Sin kamar karatun allo, aka mayar da shi jakin kwasar taɓo. Ya tambayi yaushe za a koya masa zanen rami da awo, Lawban ya ce, "Meyo lokaci." Meyo shi ne babu, kuma ita ce kalmar da ta fi kowace yawa a filin nan. Safar hannu, meyo. Rumfar fakewa daga ranar da ke dafa mutum da guminsa, meyo. Ban-ɗaki ɗaya ne na mutum arba'in. Abincin rana shinkafa ce da naman alade, don haka shi biredi da dabino yake tahowa da su a aljihu. Kowace Juma'a yakan ninke farar rigarsa ya sa a jaka da fatan za a bar shi ya je masallaci, kowace Juma'a kuma ya mayar da ita gida a ninke.

Ba shi kaɗai ake cuta ba, kuma wannan ya fi ci masa rai. Leburorin duk tsofaffin manoma ne da ake ɗauka kullum-kullum, ranar da aka yi ruwa a sallame su hannu rabbana. A cikinsu akwai Tsoho Lu, wanda ya shekara talatin yana wannan aiki ba ko takarda ɗaya mai sunansa. Gwiwoyinsa sun mutu, sai ya dafa sanda yake miƙewa. Shi ke riƙe da wani ƙarfe mai baki kamar rabin bututu a kan doguwar gora, a caka a ƙasa a zaro, ya fito da ɗan curin ƙasa daga can ciki. Ranar da ya ga Tankari ya ɗauki curin ya murza ya kai hanci, tsohon ya tsaya ya dube shi da kyau, ya miƙa masa gorar. Sinancin Lu na ƙauyensu ne, Tankari ba ya jin ko rabinsa, amma ɗan abin da ya koya a filin nan kaf daga hannun wannan tsoho ya fito, ba kuwa wanda ya sa shi.

Mai ilimin aikin a takarda mace ce, Malama Cen. Fili huɗu aka ɗora mata a lokaci guda. Takan shigo a kan babur mai caji sau biyu a mako, ta ɗauki hoto, ta cike takardu a tsaye, ta wuce tana amsa waya. Kwangilarta ta wata shida ce, sai Lawban ya ga dama a sabunta. Sau uku tana ce wa Tankari, "Mako mai zuwa zan zauna da kai." Bai ƙullace ta ba. Ya ga idanunta, ya san ita ma baro take turawa, nata dai ba ya da taya.

Ghali ne ke shan ƙorafin in sun haɗu wajen cin tuwo a gidan abincin 'yan Ghana. "Wallahi Ghali, ba sitaj ba ne wanga, bauta ce," Tankari kan ce. "Ko tef na awo ba su bari na taɓa ba."

"To Sarkin Haƙa, kai takarda ka je nema ko ilimi?"

"Duka biyu."

"Kwaɗayinka ya yi yawa. Ka yi haƙuri ka karɓo jan hatiminka, ka zo in sa ka tafinta a kasuwar Sanyuanli. Mu nan muna neman mai jin Sinanci kamar ruwa a jallo."

A makon ƙarshe, ranar Laraba, Tankari na tura baro ta kusurwar gabas sai ƙafarsa ta gaya masa wani abu. Ya tsuguna ya damƙi ƙasar. Gauraye take, ja da baƙa, sako-sako. An taɓa haƙa nan aka mayar. Ya kira Tsoho Lu, aka caka gora sau huɗu, a ta huɗun bakin ƙarfen ya fito da ɓarɓashin tubali mai ruwan toka. Suka je wa Lawban da shi a tafin hannu. Mutumin ya dubi tubalin kamar an kawo masa sammaci. Ya ce ranar Litinin motoci za su shiga, ko ana ha-maza ha-mata. In suna son wahalar da kansu su tona, amma ba zai ba su ko mutum ɗaya ba. Ya jefo wa Tankari takardar ramin, ya ce tunda shi ya tono tsiya, shi zai cike ta.

Kwana biyu suna tono su biyu. Ranar Juma'a da safe Lawban ya kwashe Tsoho Lu da injin zuƙe ruwa ya kai su wani fili, ya bar Tankari shi kaɗai a ramin da ya kai masa ƙirji. Wajen azahar cokalin gininsa ya zame a kan wani abu mai santsi. Ya share da yatsu. Ƙoƙon kan mutum ne. Ya ci gaba a hankali har siffar ta fito: mutum kwance a ɗan ɗakin tubali, hannuwa a gefe, da 'yar tukunya kusa da kai.

Ya kira Malama Cen, waya a kashe. Ya kira Lawban sau biyar, ba a ɗauka ba. Hadari ya riga ya haɗo daga kudu, ruwa kuma ya fara tsattsafowa daga gindin ramin tun kafin na sama ya sauko. Leburori suka taru a baki suna ɗaukar hoto da waya, wani na ba'a da haƙoran mamacin. Tankari ya nemi tamfol, aka ce meyo.

Ba jahili ba ne. Ya karanta a littafi cewa ba a ɗaga abu sai an auna, an zana, an ba shi lamba. Amma littafin bai faɗi abin da ake yi in ruwa na hawa, babu inji, babu tef, babu mai amsa waya ba, kuma a wata uku da rabi ba wanda ya ɓata minti biyar ya gaya masa. Abin da aka koya masa da gaske a kan ƙashin mutum, tun daga gida aka koya masa shi. Da ruwan taɓo ya taɓa haƙarƙarin mamacin, Tankari bai ƙara tunani ba. Ya ɗauki hoto uku da wayarsa, ya fita ya buɗe jaka ya zaro farar rigar Juma'a. Ya koma ya shimfiɗa ta a kan tubali, ya yi bisimilla, ya tattara ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu, har da 'yar tukunyar. Bai san addinin mutumin ba, bai kuma ga abin da ya dame shi da sani ba. Leburorin suka daina ba'a, wasu suka ja da baya.

Akwai ɗan tudu a jikin katangar kwanon, ta ciki, ƙarƙashin wata bishiya. Nan ya haƙa rami daidai ƙugu cikin ruwan da ya riga ya tsuge, ya kwantar da ƙunshin, ya mayar da ƙasa. Ya duba ko'ina bai ga dutsen kirki ba, mai gadi kuma na busa usur zai rufe ƙofa. Ya ce a ransa gobe da safe zai turo ɗaya a baro.

Washegari, kafin ya kai ga neman dutsen, ya tarar da Malama Cen a bakin ramin, ruwa ya cika shi fal. Leburori sun riga sun ba ta labari. Ya nuna mata hotunan. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya.

"Ina sandar awo a hoton? Ina alamar arewa? Zurfinsa nawa?"

Babu ko ɗaya daga cikinsu a hotunan.

"Da ka bar shi a cikin ruwan," ta ce, "da na tsayar da motocin nan wata guda. Ruwa ba ya ɓata abin da hannu ke ɓatawa. Yanzu ba ni da kabari, rami nake da shi da labari. Wa ya koya maka ka ɗaga?"

"Mahaifina," in ji Tankari. "A nan wa ya koya mini kada in ɗaga?"

Ita ma sa hannunta na kan takardar da ke cewa ya samu horo tun ranar farko, kuma su biyun sun san haka. Ta cire tabarau ta goge a gefen riga. Ta gaya masa a hankali cewa in ta kai rahoto masu bincike za su zo, abin da za su fara gani kuwa shi ne baƙo ɗan wata ƙasa ya kwashe ƙashi daga kabari ya binne a wani wuri. Kamfani zai ce an horar da shi, ga shaida a rubuce. Ita ma ba za ta tsira ba. Ta hau babur ɗinta ta tafi ba tare da ta ce za ta kai ko ba za ta kai ba.

Lawban kuwa faɗuwa ce ta zo masa daidai da zama. Tunda Tankari ya fara aiki bai taɓa ganin haƙoran mutumin a waje ba sai ranar. Ya kira shi wajen motarsa, har da miƙa masa ruwan sanyi. Ya shimfiɗa takarda biyu a kan murfin injin. Ɗaya takardar ramin ce, an riga an cike ta: an tona kusurwar gabas har jikin katanga, ba a samu komai ba, a saki fili. Sa hannun wanda ya tona kawai take jira. Ɗayar kuwa ita ce takardar da Tankari ya yi wata huɗu yana mafarki, jan hatimi ya riga ya hau, ko bushewa bai gama yi ba. Lawban ya ɗora makullin mota a kanta ya miƙo biro.

"Akwai mutum a jikin katangar can," in ji Tankari. "Cikin fili yake."

"Meyo," in ji Lawban, yana murmushi.

Fushin da ya taso wa Tankari a lokacin, bai taɓa jin irinsa ba. Ya ji kamar ya ɗauki mutumin nan ya tsoma shi a ramin da ruwansa. Su suka hana shi horo, su suka ɗauke inji, su suka ƙi ɗaukar waya, yau kuma kuskuren da suka gina da hannunsu shi ne igiyar da suka ɗaure shi da ita. Ya dubi tudun da ke ƙarƙashin bishiya. Ya dubi jan hatimin. Ya tuna watan Yuli, ya tuna tsohon da ke zaune a ƙofar gida yana ba mutane labarin ɗansa. Ba wanda ya riƙe masa hannu, kuma wannan ne abin da har yau bai yafe wa kansa ba. Ya karɓi biro ya sa hannu.

A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga Panyu zuwa gida, ya buɗe takardar ya karanta. Ta ce ɗalibi Tankari Alhasan ya samu cikakken horo a kan awo, da zane, da ɗaukar hoto, da rubuta bayanin rami. Layi na ƙarshe ya ce an horar da shi a kan yadda ake ɗaga ƙashin mutum, kuma ya nuna ƙwarewa matuƙa. Ya yi wata irin dariya da ta sa matar da ke kusa da shi ta tashi ta canza kujera.

Ghali ya karɓi takardar ya ɗaga ta sama yana jinjina. "Kai, Sarkin Haƙa ya zama injiniya. Ka ga amfanin haƙuri ko? Yau ni zan sayi naman." Tankari ya ce ba ya jin yunwa. Ranar Lahadi ya koma Panyu da niyyar ya tono ƙunshin ya fitar da shi ko ina ne, ya tarar an sauya kwaɗo, mai gadi ya ce sunansa ba ya cikin masu shiga, tunda ya gama. Ranar Litinin ya tsaya a tsallaken titi har ya ga kan bishiyar ya karkata a bayan kwano ya ɓace.

Da la'asar ya kira gida. Ƙanwarsa Salamatou ta kai wa tsohon waya. Ya gaya masa an samu takarda, Malam Alhasan ya yi ta hamdala, ya ce a faɗa wa maƙwabta. Daga nan bakin Tankari ya kufce masa, ya ce a wajen aiki ya ci karo da mutum a ƙasa.

Muryar tsohon ta canza, ta koma ta bakin rijiya. "Ka tattara shi da hannu?"

"Na tattara, Baba."

"Da mi ka naɗe shi?"

"Da rigata ta Juma'a."

"Madalla. Allah shi yi maka albarka, ba ka yada gida ba. Ka maida shi ƙasa?"

"Na mayar."

"To, ka aza dutsi? Babba dai, wanda kowa ya gani ya san da mutum a wurin."

Takardar na kan gwiwar Tankari, jan hatimin ya bushe sarai. Ya riƙe wayar a kunne, yana jin kukan awaki da numfashin tsohon daga can gida.

"Alo? Tankari? Salamatou, zo ki duba, kamar layin ya yanke."